Cajin waya da motsin jiki: tambayoyin mutanen Maraɗi da amsoshinsu

Tun da bidiyon takalmin da ke cajin waya ya fara yawo a WhatsApp da Facebook, tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaitawa a fada wajen shan shayi da rumfunan masu gyaran salula, daga unguwar Zariya har Bagalam. Mutane kuwa na da dalilin tambaya. Mafi yawan wutar da ake sha a Maraɗi daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina, kuma kowa na tune da watan Agusta na 2023 da aka katse ta, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. A ƙauyuka da yawa ma babu turakun wuta sam, sai a tara wayoyi a ba mai zuwa kasuwa ya kai wa mai caji. Aikina lantarki ne, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini na amsa su da lissafi. Ina so kowa ya san iyakar abin da guminsa zai ba shi kafin ya zaro kuɗi daga aljihu.

Malam, da gaske ne jikin mutum na iya ba da wutar da za ta caja waya?

Gaskiya ne. Babban mutum da ya ci abincin da ya kai kalori 2000 a yini ya zuba wa jikinsa ƙarfin da ya haura cikon batirin babbar waya sau 100. Sai dai jiki yana da nasa buƙatun. Numfashi, bugun zuciya, aikin ƙwaƙwalwa da ɗumama jini su ke cinye mafi yawa, har ko kwance kake kana fitar da zafin da ya kai wat 80 zuwa 100. In ka tashi aiki kuma, cikin abin da tsoka ta ƙona kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke zama motsi, sauran zafi ne da zufa. Daga wannan ɗan kason ake tsakuro wuta. Don haka sai an sami motsi mai ƙarfi, mai ɗorewa, wanda ke juya wani abu. Ƙafa a kan fedar keke ita ce gaba, hannu a kan mariƙin juyawa na biye mata. Abin da ya rage, irin su taku da kaɗa hannu da gogar riga, wutarsu ƙarama ce ƙwarai.

To wuta nawa waya ke sha ne?

Nan ne tushen maganar, wanda ya gane shi ba mai sayar masa da ƙarya. Ma'auni biyu ne. Wat shi ne yadda ruwa ke zubowa daga bakin famfo, Wh kuma shi ne yawan ruwan da jarka ke ɗauka. Famfo mai ɗigo zai cika jarka, amma sai an kwana ana jira.

Juya bayan wayarka ko kwalinta ka duba. Babbar waya mai shafawa da aka rubuta wa 5000 mAh tana ɗaukar kamar Wh 19. Ƙaramar waya mai maɓalli, mai batir 1000 mAh, ba ta kai Wh 4 ba. Fawa bank mai 10000 mAh yana riƙe Wh 37.

Yanzu mu auna da jan ruwa. Guga mai lita 10, rijiya mai zurfin mita 30: duk gugan da ya iso baki, aikin da aka yi Wh 0.8 ne. Ke nan cika babbar waya daidai yake da jan guga 24, in ba a yi asarar komai ba. Asara kuwa ba makawa, a cikin inji, a cikin caja, a cikin batirin kansa. In ka ninka lissafin biyu ba ka yi nisa da gaskiya ba. Duk macen da ta taɓa jan guga 40 a jere ta san abin da ake nufi. Ƙaramar waya kuwa guga 10 sun ishe ta har da asarar, kuma wannan bambanci zai riƙa dawowa a kusan kowace amsa.

Ta yaya motsi ke komawa lantarki?

Hanya mafi tsufa kuma mafi amfani ita ce ta maganaɗisu da naɗin wayar tagulla. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa in maganaɗisu ya gilma kusa da naɗin waya, wuta na gudana a cikinta. Janareta da ke ƙara a bayan shago, injinan madatsar Kainji, da ɗan dinamon da ke gogar tayar keke, duk a kan wannan suke tafiya. Abin da ke juya su ne kawai ya bambanta.

Hanya ta biyu ita ce fiyezo. Akwai wasu duwatsu da tangaran da in aka matsa su suke fitar da wuta, abin da Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880. Kana riƙe da shi kullum ba ka sani ba: laitar da kake dannawa ta yi ƙas ta kunna gas, ɗan guduma ne a ciki ke bugun fiyezo ya ba da tartsatsi.

Ta uku ita ce gogayya. Lokacin hunturu, in ka yaye bargo cikin duhu, kana jin tas-tas, har ka ga ƴan walƙiya shuɗɗa tsakanin bargon da riga. Wannan tartsatsi na kai dubban bolt, amma yawan wutar da ke cikinsa ɗan mitsitsi ne, shi ya sa ba ya yi wa kowa lahani. A 2012 Zhong Lin Wang da abokan aikinsa a jami'ar Georgia Tech ta Amurka suka fitar da na'urar da ke tara irin wannan wuta, kuma har yanzu ana bincike a kanta don saƙa ta cikin tufafi. Tana son busasshiyar iska, in damina ta shigo da laima ƙarfinta na raguwa.

Akwai kuma masu ɗibar wuta daga zafin fata, bisa abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Wannan sai akwai tazara tsakanin zafin jiki da na iska. A ƙasar sanyi yana aiki kaɗan. A Maraɗi cikin Afrilu da Mayu, lokacin da iska ke haura digiri 40 har ta fi fatar mutum zafi, tazarar da aka ƙera na'urar dominta babu ita.

Takalmin nan fa da muke gani a bidiyo?

Ɗan'uwa, kada ka saya. An gwada shi da gaske, kuma masana ne suka gwada. A ƙarshen shekarun 1990, a cibiyar MIT ta Amurka, Joseph Paradiso da ɗalibansa sun sa fiyezo a cikin takalmi. Abin da suka samu a dunduniya kamar miliwat 8 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin 100 na wat guda ba. Da wannan, cika babbar waya zai ci tafiyar sama da awa 2000. Abin da suka kunna da shi ɗan ƙaramin abin aika sigina ne, kuma a nan ya yi amfani.

Wasu sun sa ƙaramin dinamo a dunduniya, wutar ta ƙaru, amma takalmin ya yi nauyi, taku ya canza, kuma abin na saurin lalacewa. Ka tuna da rairayin titunanmu da ƙurar da ke shiga ko'ina. Idan ka ga bidiyo an yi taku goma waya ta nuna alamar caji, alamar kawai ka gani. Wuta kaɗan ta isa ta sa hoton batir ya motsa, kuma sau da yawa akwai ɓoyayyen batir a cikin takalmin da aka cika tun a gida.

An ce akwai jakar goyo da abin ɗaurawa a gwiwa da ke ba da wuta sosai.

Waɗannan na gaskiya ne, kuma sun fi takalmi nesa ba kusa ba. A 2005 Larry Rome na jami'ar Pennsylvania ya ƙera jakar da kayan cikinta ke hawa da sauka a kan sifirin yayin tafiya, suna juya dinamo. Ta ba da har wat 7.4, amma da kaya mai kilo 38 a baya, kusan kashi uku cikin huɗu na buhun siminti. A 2008 Max Donelan na jami'ar Simon Fraser a Kanada ya fitar da na gwiwa, wanda ya ba da kamar wat 5 daga ƙafafu biyu. Dabararsa ta burge ni: yana ɗibar wuta ne a daidai lokacin da tsoka ke taka wa ƙafa birki kafin ta sauka ƙasa, don haka mai tafiya ba ya jin ƙarin wahala sosai. Na kowace gwiwa nauyinsa ya haura kilo ɗaya da rabi. Sojoji aka fi yi wa tanadinsu, saboda batiran da suke ɗauka a daji. Ba kaya ne da za ka tarar a babbar kasuwa ba.

Ɗana ya sauke wata manhaja da ta ce in an girgiza waya za ta yi caji.

Baba, a ce masa ya goge ta. Babu dinamo a cikin waya. Akwai ɗan abin da ke jin an karkata ta ko an girgiza ta, shi kuma shan wuta yake, ba ya bayarwa. Manhajar hoton caji take nunawa tana cinye batir da data, tana cika allo da talla.

Ina zuwa gari da keke daga Tibiri. Zan iya caji a hanya?

Kai ne ka fi kowa dacewa da wannan magana, domin motsin kana yin sa dama, da caji ko babu. Dinamon keke na yau da kullum, wanda ke kwantawa a gefen taya, an ƙera shi ya ba da bolt 6, wat 3. Bayan an gyara wutar ta dace da waya, abin da ke isa bakin USB wat 2 ne zuwa 2.5. Ƙaramar waya mai maɓalli za ta cika cikin tuƙi na kamar awa 2. Babbar waya kuwa sai awa 8 zuwa 10, wato ba cikawa za ta yi ba, amma zuwa da dawowa zai ƙara mata abin da za ka yi kira da shi ka saurari saƙon murya.

Kada fa ka haɗa dinamo kai tsaye da waya. Wutar dinamo gaba da baya take yi, kuma ƙarfinta na hawa da gudun keke. In ka gangara da gudu babu fitila a kunne, tana iya ninka bolt 6 ɗin sau da dama. Waya kuwa bolt 5 take so, tsayayye. Dole a sa diyod huɗu su daidaita wutar ta bi hanya ɗaya, a sa kafasita ta lafar da ita, sannan a sa ɗan allon da ke tsayar da ita a bolt 5. Duk mai gyaran rediyo na ƙwarai ya san waɗannan. Dinamon gefen taya yana cin roba, yana kuma zamewa in taya ta jiƙe ko ta kwashi yashi. Wanda ke cikin cibiyar ƙafar gaba ya fi laushi da ƙarko, ya kuma fi tsada.

Ni tela ce, da keken ƙafa nake ɗinki. Ba za a maƙala masa dinamo ba?

Za a iya, Hajiya. Babbar ƙafar keken da bel ke zagayawa wuri ne mai kyau na kwantar da dinamo. Abin da zai fi yi maki amfani shi ne ƴar fitilar LED a saman allura, wadda wat 1 ya ishe ta, da ɗan batir da zai riƙe hasken in kin tsaya gyara zare. Ɗinki tsayawa ne da tashi, minti ɗaya ana taka, minti biyu ana yanka ko guga, don haka abin da zai taru a yini bai kai na mai tuƙa keke a hanya ba. Za ki kuma ji fedar ta ƙara nauyi kaɗan. Haka abin yake ga masu lambu da ke amfani da famfon taka-taka irin Niyya da Ƙoƙari: duk wutar da aka ɗiba, daga ruwan da zai hau aka rage ta.

Rediyo da tocila masu juyawa da hannu fa, suna da amfani?

Suna da shi, a inda aka yi su dominsa. Trevor Baylis ɗan Ingila ya ƙera rediyo mai juyawa da hannu a 1991, bayan ya ga shirin talabijin kan yaɗuwar cutar sida a Afirka da yadda tsadar batir ke hana mutane jin faɗakarwa. Daga baya aka riƙa ƙera shi a Afirka ta Kudu. Rediyo da fitilar LED wutarsu kaɗan ce, juyin minti ɗaya ko biyu na ba da saurare ko haske na wani lokaci. Ga makiyayi ko mai kwana a gona, wannan abu ne mai daraja.

Bakin USB da ake sa wa irin waɗannan na gaggawa ne. Hannu na iya ba da wat 5 zuwa 10 na ƴan mintoci kafin kafaɗa ta gaji, ƙananan na kasuwa kuma ba sa kai haka. Zai tayar da matacciyar waya ka kira gida ko likita. Cika ta kuwa, a'a. Kafin ka biya, juya mariƙin a gaban mai kaya da wayarka a jone. In ka ji ya yi tauri da aka jona waya, alama ce wuta na tafiya. In yana juyawa sakayau, haƙoran roba na ƙara, ajiye masa kayansa.

Amma dai wutar kyauta ce, ko ba haka ba?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin wannan wuta a kwanon tuwo ake biyansa. Cika babbar waya da feda, in aka haɗa da asarar inji da ta tsoka, yana cin kamar kalori 130 zuwa 150, wato abin da gero gram 40 ke bayarwa. Ga mai ƙoshi da ke neman motsa jiki, riba biyu ce. Ga manomin da ya yini yana noma lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ko mai azumi cikin bazara, ba ƙaramin abu ba ne, ga kuma ruwan da zai fita ta zufa. Abin da ba na so in gani shi ne a ɗora yaro ko almajiri a kan keke ya yini yana taka wa manya caji don an ce wutar ba ta da kuɗi. Wanda zai taka ya zama babba, da yardarsa, in aiki ne kuma a biya shi.

Irin wannan caji ba ya kashe batir?

Abu biyu ke kashe shi. Na farko wutar da ke hawa da sauka. Waya na ɗauka tana saki, tana ɗauka tana saki, allo na kunnuwa kowane lokaci, har wani sa'in abin da ta sha ya fi abin da ta samu. Maganinsa a tara wutar a fawa bank ko wani batir tukuna, a caja waya daga gare shi. Na biyu zafi. Batirin litiyom ba a so a caja shi in ya wuce digiri 45, kuma wayar da aka ɗaure a kan hannun keke cikin ranar Maraɗi tana wuce haka. Sa ta cikin jaka, a inuwa. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi, a cire shi, kada a sake jona shi.

Me zai hana a shimfiɗa daɓen nan mai ba da wuta a ƙofar kasuwa, tun da dubban mutane ke wucewa?

An yi irinsa. Kamfanin Pavegen na Landan, wanda Laurence Kemball-Cook ya kafa a 2009, yana ƙera shi, kuma a 2015 an shimfiɗa shi a ƙarƙashin wani filin ƙwallo a Akoka da ke Legas don kunna fitilu, tare da allunan sola. Kowane taku jul ƴan kaɗan yake bayarwa, sai an tara jul 3600 kuwa ake samun Wh ɗaya. Ko an ce jul 5, babbar waya ɗaya na buƙatar taku kusan 14000. Rufin kwano na rumfa ɗaya da aka ɗora wa allon sola zai fi shi ba da wuta, da kuɗi kaɗan, ba kuma abin da yashi zai toshe.

Ke nan sola ta fi?

A ƙasarmu, ta fi da nisa. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi samun rana a duniya, shi ya sa aka gina tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a 2023. Ƙaramin allo mai wat 10 da aka kafa daidai, ana share masa ƙura, yana tara Wh 40 ko fiye a yini, wato babbar waya biyu, ba wanda ya yi gumi. Duk mai jika kaɗan da ya tambaye ni me zai fara saye, allon sola da fawa bank nake ce masa.

Ƙarfin jiki na da wurinsa: cikin dare in batir ya ƙare ana neman kiran gaggawa, kwanakin da ƙurar hunturu ta rufe rana, da kuma mutumin da dama a kan keke yake yini. Inda ya yi nasara sosai shi ne ƙananan na'urori. Tun 1988 kamfanin Seiko na Japan ke sayar da agogon da kaɗawar hannu ke caja shi, saboda agogo wutar da yake sha ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na wat ba.

Ni ɗalibi ne, ina son in haɗa keken caji na tsaye. Da me zan fara?

Madalla, ƙanena. Wannan aiki ne da ɗaliban makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa ko na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo za su iya yi da kayan da ke cikin gari, kuma shi ne ya fi ba da wuta a cikin duk hanyoyin motsin jiki da muka ambata. Mutum mai lafiya na iya riƙe wat 50 a kan feda na awa ɗaya. Bayan asara za a sami kamar Wh 30, wato babbar waya ɗaya da rabi, ko ƙananan wayoyi 7 zuwa 8.

Nemi tsohon keke, mai walda ya yi masa ƙafar ƙarfe da za ta ɗaga tayar baya daga ƙasa. Sai inji mai maganaɗisu na bolt 12, irin na fankar lagireton mota, wanda za ka samu wurin masu kayan gwanjo. Kada ka ɗauki altaneta na mota, domin yana shan wuta kafin ya bayar, kuma yana son gudun da ƙafa ba ta kai ba. A sa wa bakin injin ɗan gangan ƙarfe ko roba mai faɗin santimita 5 ya kwanta a kan taya. In kana taka feda sau 60 a minti, tayar na juyawa kamar sau 150, injin kuma kusan sau 2000, abin da yake buƙata ke nan.

Daga injin, wuta ta bi ta diyod mai ƙarfi, in ba haka ba batir zai mayar da wuta ya riƙa juya maka taya. Bayan diyod a sa fis, sannan batir mai bolt 12. Na sola ya fi na babur, domin ƙaramin batirin babur ba ya jure wutar da ƙafa ke turawa in an dage. Ka jona mita kana kallo, kada ta wuce bolt 14.4. Daga batirin sai cajar mota mai bakin USB, irin wadda direbobi ke amfani da ita, ita za ta sauke wutar zuwa bolt 5. Ajiye batirin inda iska ke shiga, rufe sarƙa da bakin injin saboda yatsun yara da bakin zane, kuma ka fara gwaji da ƙwan fitila mai bolt 12 kafin ka jona wayar kowa.